Dutse ɗaya, sakamako biyu: wane ɗakin gwaji ne ya faɗi gaskiya?

Wani matashi da bai daɗe da shiga aikin neman ma'adinai ba ya rubuto mini cikin damuwa. Ya fasa wani dutse gida biyu, ya aika kowane ɓari ɗakin gwaji daban. Da takardu suka dawo, na farko ya ce zinaren da ke ciki giram 0.3 ne a kowane tan, na biyu ya ce giram 4.2. Ƙarfen zirkoniyam ma haka: wancan giram 60 a tan, wannan 210. Jan ƙarfe ne kaɗai bakinsu ya zo kusa da juna, 118 da 124. Yana so ya san wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu, da kuma yadda ake yi har a auna ƙarfen da ido ba ya gani a cikin dutse.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin ka ɗora wa kowa laifi, koma ka dubi lambar jan ƙarfen nan da kyau. Mutane biyu da ba su san juna ba, kowa da na'urarsa, sun auna abin da yake kusan kashi 120 kacal cikin miliyan, tazarar da ke tsakaninsu kuma kashi biyar ce cikin ɗari. Maƙaryaci ba ya dacewa haka, wanda bai iya aikinsa ba ma ba ya dacewa haka. Abin da na fi zato shi ne kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya shiga na'urarsa, sai dai abin da ya shiga na'urorin biyu ne ba ɗaya ba. Shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini cewa in lamba ta karkace, galibi tun kafin a kunna na'ura ta karkace: wajen ɗiba, wajen niƙa, ko wajen narkarwa.

Mu fara da girman abin da muke nema. Sinadarai takwas ne suka kwashe fiye da kashi 98 cikin ɗari na ɓawon duniya: oksijin, silikon, alminiyam, baƙin ƙarfe, kalsiyam, sodiyam, fotasiyam da magniziyam. Sauran duka, da zinare da azurfa da dalma da jan ƙarfe da yuraniyam, a ɗan ragowar nan suke cunkushe. Duk abin da bai kai kashi 0.1 cikin ɗari na dutse ba, burbushi muke ɗaukarsa. Haruffan ppm da ka gani a saman takardarka suna nufin kashi ɗaya cikin miliyan, wato giram ɗaya a tan guda. Su kuma ppb giram ɗaya ne a tan dubu. In tifa ta ɗauko tan 30 na dutse mai zinare ppm ɗaya, duk zinaren da ke cikin lodin giram 30 ne, in aka dunƙule shi bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Wannan ma dutse ne mai arziki, domin dutsen da ake takawa kullum zinarensa 'yan ppb ne da ba su cika wuce huɗu ba, dalmarsa ba ta kai ppm 20 ba, yuraniyam kuma bai kai uku ba.

Abu na biyu, wanda shi ne mabuɗin tambayarka: ƙarafan nan ba zama iri ɗaya suke yi a cikin dutse ba. Wasu baƙi ne da suka saje da masu gida. Victor Goldschmidt, wanda ya yi aikinsa a Oslo da Gottingen a shekarun 1920 da 1930, shi ya fayyace cewa in atom biyu sun yi kusa a girma da caji, ɗaya kan zauna a gurbin ɗaya a cikin ginin ma'adini. Haka nikel ke shiga gurbin magniziyam a cikin ma'adinin olibin, rubidiyam ya shiga gurbin fotasiyam, kadmiyam ya shiga gurbin tutiya. Irin waɗannan a warwatse suke duk inda ma'adinin yake. Ka ɗebi nan, ka ɗebi can, kusan abu ɗaya za ka samu. Wasu kuwa gidan kansu suke ginawa. Jan ƙarfe yakan haɗu da farar wuta ya yi ƙananan ƙwayoyi, amma masu saurin farfashewa ne, bayan niƙa ko rabin giram ka ɗiba akwai dubbansu a ciki. Zirkoniyam kusan dukkansa a cikin zirkon yake, ma'adini mai taurin kai da za mu dawo kansa. Zinare kuma sau da yawa 'yan ƙwayoyi ne ƙalilan, kowace tana zaman kanta nesa da 'yar'uwarta. Lambobinka uku, halaye uku ne.

Ɗauki alƙalami mu yi lissafin zinaren tare, don shi ya fi ruɗa mutane. Zinare yana da nauyi ƙwarai, ya ninka ruwa sau 19.3. Ƙwaya mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kamar kaurin silin gashi, nauyinta kusan maikurogiram 10 ne. Maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ɗakin gwaji yakan ɗebi giram 30 na garin dutse ya yi aiki da shi. In dutsen yana da giram ɗaya a tan, giram 30 ɗin nan suna ɗauke da maikurogiram 30 na zinare. Ƙwaya uku ke nan kacal. Yau a kwaso biyu, gobe a kwaso biyar, kuma kusan sau ɗaya cikin ashirin ba za a kwaso ko ɗaya ba, takarda ta fito ta ce babu zinare alhali akwai. Yanzu dubi taka tazarar. Bambancin giram 3.9 a tan, a cikin giram 30 na gari, maikurogiram 117 ne. Ƙwaya ɗaya tak wadda faɗinta bai kai rubu'in milimita ba ta isa ta kawo wannan bambanci gaba ɗayansa. Ta faɗa tukunyar na biyu, ba ta faɗa ta na farko ba, shi ke nan.

Za ka ce ai an niƙa. An niƙa, amma zinare ba ya niƙuwa. Dutse yana farfashewa, shi kuwa lanƙwashewa yake yi, ya baje kamar an yi masa guduma a maƙera, wani lokaci ma ya manne a jikin turmin ya jira samfurin da ke biye. Sannan kai da kanka ka fara raba hanyar tun daga tushe, da ka fasa dutsen biyu. Ɓari biyun nan ba su taɓa zama abu ɗaya ba. In jijiyar da ke ɗauke da zinaren ta fi ratsa ɗaya, ba wani ɗakin gwaji a duniya da zai daidaita maka su.

Injiniyan nan na Faransa, Pierre Gy, ya duƙufa a kan wannan matsala tun daga shekarun 1950, kuma abin da ya fitar shi ake bi har yau. A bisa lissafinsa na asali, kuskuren ɗiba yana bin girman babbar tsakuwar da ke cikin tarin, a ninka girman da kansa sau uku, yana kuma raguwa in nauyin abin da ka ɗiba ya ƙaru. In ka rage girman tsakuwa da rabi, nauyin da kake buƙata ya ragu kusan sau takwas. Shi ya sa dokar ita ce a farfasa tukun, sannan a raba. Ba a raba sannan a farfasa. Yadda aka saba, a busar da samfurin duka, a farfasa shi har yawancinsa ya koma ƙasa da milimita 2, a raba shi da akwatin rabo mai ramuka ba da hannu ba, a ɗauki giram 250 zuwa kilo guda a niƙa har kashi 85 cikin ɗari ya wuce rariya mai ƙofar maikuron 75 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In ana zargin akwai manyan ƙwayoyin zinare, sai a tankaɗe kilo guda a rariya mai ƙofar kusan maikuron 100, a narka duk abin da ya tsaya a sama, a auna na ƙasa sau biyu, a haɗa lissafi. Akwai kuma sabuwar hanya da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ta ƙirƙiro, mai suna PhotonAssay, wadda ke harba hasken eksire mai ƙarfi cikin kwalbar da ke ɗauke da kusan rabin kilo na dutse ba tare da an narka komai ba. Dukansu abu ɗaya suke bi: a ƙara yawan dutsen da ake dubawa.

Turmin niƙan ma yana da nasa halin, domin duk abin da ya niƙa dutse, dutse ma yana niƙa shi. Turmin ƙarfe mai kuromiyam yana zuba baƙin ƙarfe da kuromiyam a cikin garin. Na tangistin yana zuba tangistin da kobalt, har da ɗan tantalam. Na taɓa karɓar sakamakon wasu duwatsu da suka nuna tangistin ɗaruruwan ppm, kowane samfur, har da wanda ba shi da dalilin samun ko kaɗan. Wanda ya kawo aikin har ya fara murna. Da muka tambayi irin turmin da aka yi amfani da shi, sai magana ta ƙare. Ban ji daɗin ba shi labarin ba, amma gara a lokacin da bayan ya haƙa rami. In aikin na bincike ne mai tsanani, turmin dutsen agat ake nema, kuma tsakanin kowane samfur da na gaba a niƙa farin yashi mai tsabta a zubar.

Yanzu zirkoniyam. A nan ba ɗiba ce matsalar ba, narkarwa ce. Yawancin na'urorin auna burbushi ruwa suke sha, ba dutse ba, don haka dole a mayar da garin ruwa tukun, kuma hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi ita ce haɗin da masanan zamanin da suka laƙaba wa suna ruwan sarauta saboda yana narkar da zinare: kashi uku na asid haidirokulorik, kashi ɗaya na naitirik. Yana cin ma'adinan farar wuta da na tsatsa da na farar ƙasa sarai, shi ya sa jan ƙarfenka ya fito daidai ko ta wace hanya aka bi. Amma ainihin ƙashin dutsen, wanda silikon ya gina, bai cika taɓa shi ba. Mataki na gaba shi ne asid huɗu, inda ake ƙara faikulorik da haidirofulorik. Wannan na ƙarshen shi ke rusa silikon ya kore shi a tururi, kuma a kwanon Teflon ake aikin don yana cin gilashi. Ko da hakan, akwai ma'adinan da ke fitowa daga cikinsa lafiya lau: zirkon, kuromait, barait, da ma'adinin kuza. Sai ka ga ruwan ya yi garau, amma a ƙasan kwanon akwai ɗan ƙura da ido bai cika kamawa ba, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na zirkoniyam ɗinka yana can.

Hanya biyu ce ke karya zirkon. Ko a rufe garin da asid cikin tukunyar matsi a gasa shi a digiri 180 zuwa 200 na kwanaki, ko a gauraya shi da gishirin litiyam da boron a narka a wutar da ta kai digiri 1000 har ya zama gilashi, sannan a narkar da gilashin a asid mai sauƙi. Ina da ƙarfin zato cewa mai 210 ya bi ta wuta, mai 60 ya tsaya a asid huɗu. Kana iya gwada zaton nan da kanka ba tare da ka tambayi kowa ba. Hafniyam abokin zaman zirkoniyam ne, ba sa rabuwa. A cikin zirkon ma aka fara gano shi a Kofanhegan a 1923, kuma a yawancin duwatsu zirkoniyam yakan ninka shi sau 35 zuwa 40. In ka ga hafniyam ma ya faɗi a takardar farko daidai gwargwado, to zirkon ne bai narke ba.

Kada ka ɗauka narkarwar wuta ta fi a kowane hali. Ba za ka auna litiyam ko boron da ita ba tunda kai ka zuba su. Zafinta yana korar zaiba, yana iya rage asenik da siliniyam, waɗanda ruwan sarauta ya fi riƙe su. Kowace hanya da abin da take kamawa da abin da take saki, saboda haka lambar da ba a rubuta hanyarta a gefe ba, ni ban ɗauke ta lamba ba. Ga kuma roƙo guda: asid haidirofulorik ba abin gwadawa ba ne a wajen ɗakin da aka tanada. Yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya shiga ya kama kalsiyam ɗin jiki, kuma yana kisa. Haka ma hayaƙin dalmar da zan ambata yanzu.

Zinare yana da tasa hanyar, gwajin wuta, wanda an rubuta bayaninsa dalla-dalla tun ƙarni na 16 kuma har yau ba a ture shi ba. Ina son wannan aiki, don hikimarsa a fili take. Ana gauraya giram 30 ko 50 na gari da tokar dalma, da soda, da boraks, da yashi, da ɗan abu mai kabon, a ɗiga azurfa kaɗan, a sa a wuta mai zafin sama da digiri 1000 na kusan awa guda. Kabon ɗin yana mayar da tokar ta koma dalma, sai ta riƙa sauka cikin narkakken dutsen kamar yayyafi, kowane ɗigo yana kwasar zinare da azurfar da ya tarar a hanya. In aka juye aka bari ya huce, sai a fasa dattin sama a ciro dunƙulen dalma. Shi kuma a ɗora shi a ɗan kasko mai tsotso, na tokar ƙashi ko na magniziya, a mayar wuta. Dalmar ta ƙone, kaskon ya shanye ta, sai ɗan ƙwallo mai ƙyalli kamar kan allura ya rage. In zinaren da yawa, a cire azurfar da asid naitirik a auna nauyin abin da ya saura. In kaɗan ne, a narkar da ƙwallon a ba na'ura, ta haka ake sauka har 'yan ppb. Ka tambaya ko ɗakunan biyu duk wannan hanyar suka bi. In ɗaya rabin giram kawai ya jiƙa a asid ya ba ka lambar zinare, to wannan lambar alama ce kawai, ba awo ba.

Na'urorin kansu ba zan daɗe a kansu ba, ko da yake su mutane suka fi tambaya. Tushensu guda ne tun lokacin da Bunsen da Kirchhoff suka nuna a Haidilbag, wajen 1860, cewa kowane sinadari yana da launin hasken da ya keɓanta da shi. Da haka suka gano rubidiyam a 1861. Alan Walsh a Ostireliya ya juya abin a 1955, ya auna hasken da atom ke shanyewa a cikin harshen wuta, ita ce na'urar da za ka gani da haruffan AAS. Daga baya aka maye gurbin harshen wutar da filazmar iskar agon, mai zafin digiri 6000 zuwa 10000, wadda ta fi fuskar rana zafi. In hasken da ke fita daga filazmar ake karantawa, sunanta ICP-OES. In kuwa atom ɗin ake zuƙowa a jera su bisa nauyi a ƙirga, ita ce ICP-MS, wadda Robert Houk da abokan aikinsa suka bayyana a 1980 ta kuma shiga kasuwa a 1983. Tana auna sinadarai hamsin ko fiye cikin 'yan mintuna.

Sai dai nauyi kawai take gani, ba suna ba, a nan kuma gizo ke saƙar. Agon nauyinsa 40, kulorin 35. In suka manne a cikin filazma sun zama 75, daidai nauyin asenik, wanda ba shi da wani nauyin da za a koma gare shi. Agon da oksijin suna ba da 56, nauyin baƙin ƙarfe. Bariyam da oksijin suna shiga rigar yurofiyam, har dutse mai bariyam da yawa ya nuna abin da ba shi da shi. Ana maganin wannan da iskar hiliyam da ke tare manyan haɗe-haɗen a hanya, ko da lissafin gyara, amma sai mai aikin ya san da su. Ka kuma lura da abu guda: kafin a ba ta ruwan dutse, ana tsarma shi sau dubu ko fiye don kada ya toshe ta. Ƙaramar lambar da kamfani ke tallata na'urarsa da ita ta ruwa mai tsabta ce; a dutse sai ka ninka ta sau dubu.

Tunda na san za ka haɗu da bindigar eksire ta hannu, mai haruffan XRF, bari in faɗi ra'ayina a kanta. Kayan aiki ce mai kyau ga jan ƙarfe, tutiya, dalma, asenik da nikel, musamman a kan busasshen gari. Amma ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba take gani, zurfinta kuma bai taka kara ya karya ba. Hasken asenik da na dalma suna faɗawa kusan wuri guda. Na zinare kuma yana zaune a tsakanin na tutiya da na tangistin da na asenik, don haka takan nuna zinare a dutsen da ba shi da shi, kuma ba ta iya ganin giram ɗaya ko biyu a tan, waɗanda su ne ake haƙa dominsu. Litiyam kuwa ba ta ganinsa sam. Ka bi asenik da ita ya kai ka inda zinare yake, tunda sau da yawa tare suke zama, wannan daidai ne. Amma kada ka rubuta lambar zinare daga bakinta.

To ta yaya za ka san lambar da za ka yarda da ita? Tarihin wannan fanni ya amsa, kuma da wahala aka koya. A 1951 aka buga sakamakon wani gwaji da Harold Fairbairn ya jagoranta tare da hukumar binciken ƙasa ta Amurka. An niƙa duwatsu biyu, aka sa musu suna G-1 da W-1, aka raba garin ga ɗakunan gwaji masu suna a ƙasashe daban-daban. Sakamakon ya girgiza kowa, domin ko a manyan sinadarai irin silikon bakinsu bai zo ɗaya ba, balle burbushi. Daga nan aka fara tanadar garin duwatsun ma'auni waɗanda aka san abin da ke cikinsu, irin BHVO-2 na dutsen aman wutar Hawai. A daidai wannan zamani Clair Patterson yana ƙoƙarin auna dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama, sai ya tarar dalmar da ke cikin ƙurar ɗakin, da ruwan famfo, da asid, da jikinsa ma, ta rufe wadda yake nema. Sai da ya gina ɗaki mai tsabta na musamman, yana tace asid ɗinsa da kansa, kafin ya fitar da shekarun duniya biliyan 4.55 a 1956. Tambayar da ta dame shi, wato daga ina duk dalmar nan take, ita ta kai shi ga yaƙi da dalmar da ake zubawa a man fetur.

Abu uku muka gada daga nan, kuma kai ne za ka cusa su cikin samfuranka ba tare da ɗakin gwajin ya san wanne ne wanne ba. Na farko dutsen da ba komai a cikinsa, wanda ake sawa bayan samfur mai arziki don a ga ko turmi yana kwashe-kwashe. Na biyu tagwaye, samfur ɗaya da lamba biyu. Na uku garin ma'auni mai takardar shaida, wanda ya yi kama da dutsenka a iri da yawan ƙarfe. An saba sa kowanne kusan sau ɗaya cikin samfur ashirin. Kada kuma ka nemi daidaiton da ba ya yiwuwa. William Horwitz ya tattara gwaje-gwajen da aka raba wa ɗakuna da yawa ya nuna a 1980 cewa saɓani yana ƙaruwa yayin da abin ke ƙanƙancewa: kusan kashi 8 cikin ɗari a ppm 100, kashi 16 a ppm ɗaya, kashi 45 a ppb ɗaya. Jan ƙarfenka yana cikin iyaka sarai. Duk lambar da ke dab da iyakar ganin na'ura kuma, wadda ba ta ninka iyakar fiye da sau biyu ko uku ba, ka karanta ta da ma'anar akwai ɗan abu, ba fiye da haka ba.

Ƙarya ma tana faruwa, ban ce babu ba, sai dai ba kasafai a ɗakin gwaji take ba. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu a Busang, tsibirin Boniyo na Indonesiya, inda aka yi ta shelar an sami ɗaya daga cikin manyan ma'adanan zinare na duniya. Ɗakunan gwajin sun auna zinaren da ke cikin buhunan da aka kai musu daidai. A hanya ne ake barbaɗa shi. Siffar ƙwayoyin, masu santsi irin na rafi a cikin dutsen da aka ce daga zurfin ƙasa ya fito, tana cikin abin da ya fallasa su, ga shi kuma ba su ajiye rabin sandar dutsen da aka haƙo ba kamar yadda aka saba. Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar Kanada ta NI 43-101, mai tsara yadda kamfanonin ma'adinai ke bayyana sakamakonsu, a 2001. Saboda haka ka san hannun da buhunka ya bi, ka ɗaure bakinsa da hatimi, kuma kullum ka ajiye rabi.

Ga ɗan ƙari a kan ƙwayoyin ma'adinan kansu. Duk abin da na faɗa a sama jimillar dutse yake bayarwa, ba ya gaya maka a wace ƙwaya ƙarfen yake. Don wannan ana goge dutsen ya yi santsi, a harba masa leza ta haƙa rami mai faɗin maikuron 20 zuwa 100, iska ta kwashi ƙurar ta kai wa ICP-MS. Alan Gray ne ya fara haɗa su a 1985, ana kuma daidaita awon da gilasan ma'auni irin NIST 610 da 612. Amfaninsa ba ƙarami ba ne. A yankin Kalin na jihar Nebada a Amurka, zinaren yana ɓoye ne a cikin ma'adinin fairait mai asenik, ko da madubin ƙara girma ba a ganinsa, kuma ba ya fita sai an gasa ma'adinin ko an rusa shi da matsi. Duwatsu biyu na iya nuna giram huɗu a tan, ɗaya a wanke shi da ruwa zinaren ya zauna a ƙasan kwano, ɗaya kuwa sai da babbar masana'anta.

Ga abin da nake so ka yi da naka. Rubuta wa ɗakunan biyu ka nemi abu huɗu: hanyar narkarwa, nauyin garin da suka auna, irin turmin, da sakamakon garin ma'aunin da suka gudanar tare da naka. Ka ce su dawo maka da ragowar tsakuwa da ragowar gari, don sukan ajiye na ɗan lokaci ne kawai. Haɗa ragowar tsakuwar wuri guda, a niƙa ta tare, a raba da akwatin rabo. A yi wa kilo guda gwajin wuta mai tankaɗe, ko duk abin da ya samu in bai kai kilo ba, a kuma auna zirkoniyam ta narkarwar wuta a duka ɗakunan. In mafi yawan zinaren ya tsaya a saman rariya, ka san daga yau wannan wurin manyan samfura yake buƙata, kilo uku zuwa biyar daga kowane wuri, a tsinto su a faɗin jijiyar gaba ɗaya ba daga inda ya fi ƙyalli ba. In takardun sun dawo, turo mini su tare da lambobin hafniyam mu duba.